Madubin babur: Taimako ne ko cikas ga masu kurɗawa tsakanin motoci?

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, duk wanda ya tsaya a bakin gadar Kennedy da ke birnin Yamai zai ga yadda gari ke tashi. Ma'aikata da ƴan kasuwa na kwararowa daga Harobanda zuwa tsakiyar birni, ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni kuma na tsallakawa ɗaya gaɓar. Gadar, wadda aka buɗe tun 1970, hannu biyu gare ta kacal, na zuwa da na dawowa. Da zarar mota guda ta mutu a tsakiya, sai layi ya miƙe. Masu motoci su dafe kai su jira. Masu babura kuwa ba su san jira ba. Duk inda ƴar kafa ta buɗe tsakanin taksi da faba-faba, nan za su cusa tayar gaba su kurɗa, na baya na bin na gaba kamar tururuwa.

Idan mutum ya ƙura wa baburan ido zai lura da wani abu. Da yawansu babu madubi ko ɗaya, sai ramukan da aka kwance shi. Wasu na da guda ɗaya. Wasu kuma na da biyun, amma an murɗe su ciki suna kallon ƙirjin mai tuƙi. Haka abin yake a kewayen babbar kasuwar Maraɗi ranakun Litinin da Juma'a, haka yake a bakin kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, haka kuma a Tawa ranar Lahadi.

Wannan ya sa muhawara ba ta ƙarewa a fadodin shayi da tashoshin kabu-kabu: shin madubi na taimakon mai kurɗawa tsakanin motoci ne, ko kuwa hana shi wucewa yake yi? Tambayar ta yi kama da ta raha, amma rayuka ne a cikinta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, sannan nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Hujjojin masu kwance madubi

Masu cire madubi ba su rasa abin faɗa ba, kuma adalci ne a saurare su. Hujjarsu ta farko faɗi ce. A ganinsu, madubi kunnuwa ne da ke ƙara wa babur faɗi, alhali a cikin cunkoso ko yatsa biyu na da daraja. Ga ɗan kabu-kabu, lokaci shi ne jari. Wanda ke bin balas, wato mai babur na jiran kuɗinsa kowace yamma, ba zai so ya tsaya bayan mota yana kallon abokan sana'a na wucewa da fasinja ba.

Hujja ta biyu ita ce tsayi. Madubin babur kan zo kusan daidai da madubin gefe na motoci, musamman manyan motocin shiga da ƙananan bas. Saboda haka ko da tayoyi da hannun babur sun sami hanya, madubi da madubi na iya gwabzawa. Nan take kuma rigima ta tashi: mai mota ya fito, jama'a su taru, a shiga lissafin wanda zai biya. Madubin wata motar ya fi abin da ɗan kabu-kabu ke samu a kwanaki da dama. Shi ya sa wasu ke ganin gara a rabu da abin da zai jawo magana.

Ta uku, sun ce hatsarin mai kurɗawa a gabansa yake. Ƙofar taksi da za a buɗe ba zato, yarinya mai talla da za ta ɓullo daga tsakanin motoci, rami, tulin rairayi a bakin kwalta, ko direban da zai karya kan mota ba sigina. Wanda ya tsaya kallon baya, in ji su, shi ne zai afka wa abin da ke gabansa.

Akwai kuma dalilan da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. A wurin samari da yawa, babur mai madubi babur ɗin dattijo ne, ko na wanda bai daɗe da shigowa birni ba. Sabon babur na fitowa daga kwali, abin da ake fara yi masa shi ne a kwance madubai a jefa a ɗaki, don a nuna an goge. Wasu kuma tsoron ɓarayi ne, tun da kwance madubi ba ya ɗaukar minti guda. Wasu nasu fashewa ya yi sa'ad da babur ya faɗi, suka ce sai an sami sarari, sararin kuma bai zo ba har yau.

Santimita nawa madubi ke ci?

Maganar faɗi ita ce ta fi sauƙin gwadawa, domin ana iya auna ta. Akwai ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 81 da ta shafi madubin ababen hawa masu taya biyu, wadda ƙasashe da masana'antu da dama ke bi. Ta ce gilashin kada ya gaza santimita murabba'i 69, idan kuma mai da'ira ne faɗinsa kada ya gaza milimita 94, kada ya wuce 150. Ta kuma ce tsakiyar madubin ya kasance aƙalla santimita 28 daga tsakiyar babur. Babur ɗin da gudunsa ke iya wuce kilomita 50 a sa'a kuwa, madubi biyu ake so ya ɗauka, hagu da dama.

Lissafin ba shi da wuya. Santimita 28 hagu, 28 dama, an sami 56. A ƙara rabin gilashi ta kowane gefe, za a tashi da wajen santimita 65 zuwa 71. Ƙananan baburan da suka cika titunanmu, irin su Kasea da Haojue da Boxer, faɗin hannunsu kan kama daga wajen santimita 70 zuwa 80. Ma'ana, madubin da aka ɗaura yadda ya kamata ko dai ya tsaya daidai da ƙarshen hannun babur, ko ya ɗan zarce shi da yatsu kaɗan. Duk mai shakka ya ɗauki igiya ya auna nasa, daga bakin madubi zuwa bakin madubi, sannan daga ƙarshen hannu zuwa ƙarshen hannu.

Sai kuma ya ɗora fasinja ya sake awo. A nan ne maganar ke sauyawa. Gwiwoyin babban mutum da ya zauna a baya kan buɗe su kai faɗin hannun babur ko su wuce. Matar da ta zauna a karkace ƙafafunta duka a gefe guda suke. Ga buhun albasa, ga jarkoki, ga kwandon kaji, ga katifa da aka naɗe. A mafi yawan lokuta, abin da ya fi faɗi a babur ɗin haya yana bayan direba ne, inda ba ya ganinsa.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A cikin cunkoso madubi na yin aikin mudun. Shi ne abu mafi faɗi da ke gaban idon mai tuƙi, kamar gashin bakin kyanwa da take gwada rami da shi kafin ta shiga. Kafar da madubi ba zai wuce ba, ita ce kafar da gwiwar fasinja za ta daki ƙarfe. Wanda ya cire madubi bai rage faɗin abin da yake ɗauke da shi ba. Gargaɗin kawai ya cire.

Makonni uku ba madubi

Ni ma na taɓa shiga sahun masu kwancewa. Wata safiya a kusa da kasuwar Katako, madubina na hagu ya gogi na wata taksi. Babu abin da ya fashe, amma mun ɓata kusan rabin sa'a ana cacar baki, na kuma makara wurin aiki. Da yamma na biya wajen mai gyara na ce ya kwance duka biyun.

Gaskiya kwanakin farko na ji daɗi. Babur ya zama kamar ya rame. Kafofin da a da nake tsayawa in yi shawara, yanzu shiga kawai nake yi. Sai daga baya na gane cewa faɗin babur ɗin bai canza da wani abin kirki ba, tsorona ne ya ragu, gudun da nake yi tsakanin motoci kuma ya ƙaru ban sani ba.

A mako na uku, ina cikin kurɗawa gab da wata danja, sai na hango wani yaro mai sayar da ruwan leda ya shigo kafar da nake bi. Na taka birki na karkata dama inda na ga ɗan fili. Ban san akwai wani babur da ke biye da ni ta wannan gefen ba. Ƙarar injuna da oda sun cika wurin, kunnena bai ware nasa ba. Ya ɗauke ni ta gefe, muka zube tare. Allah ya taƙaita, motocin a tsaye suke. Na tashi da gurjewar gwiwa da yagaggen wando, shi kuma fitilarsa ta fashe. Da a ce motocin sun fara motsawa, da wani ne ke ba da labarin nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba mota ce ta buge ni ba. Ɗan uwana mai babur ne. Masu cewa hatsarin mai kurɗawa a gabansa yake sun manta cewa a garuruwanmu ba mutum ɗaya ke kurɗawa ba. Kowace kafa jerin babura ne a cikinta, kuma na bayanka ya fi ka sauri ko ya fi ka haƙuri, ba ka sani ba sai ka gan shi.

Sakan guda, mita takwas

Masu tuƙi ba madubi kan ce ai suna da wuya, suna waiwayawa. Waiwaye adon tafiya ne, amma a kan babur yana da farashi. Mai gudun kilomita 30 a sa'a yana cin mita takwas da ɗoriya a kowane sakan. Mai gudun 50 yana cin kusan mita 14. Juya kai a duba baya a dawo da ido gaba na ɗaukar wajen sakan guda, wani lokaci fiye. Ke nan mutum ya wuce tsawon motoci biyu ko uku idonsa ba ya kan hanya, a daidai wurin da ƙofa ke iya buɗewa. Ƙari a kan haka, kafaɗa na bin kai, hannu na bin kafaɗa, sai babur ya ɗan kauce. A fili wannan ba komai ba ne. A tsakanin motoci biyu kuwa ya isa a goga.

Duban madubi ɗan zare ido ne, kai bai juya ba, kuma gefen ido na ci gaba da ganin abin da ke gaba. Nan ne amfaninsa yake.

Sai dai masu sukar madubi na da gaskiya a wuri guda. Idan mutum ya riga ya shiga tsakanin layuka biyu na motoci, idonsa gaba ya kamata ya kasance, yana karanta tayoyin gaba na motoci, da kawunan fasinjojin taksi, da ƙafafun masu tsallakawa. Wanda ya shagala da madubi a wannan lokaci ya sa kansa cikin hatsari. Aikin madubi a gaɓoɓi uku yake: kafin a shiga kafa, don a ga ko wani babur na tahowa a cikinta, lokacin da za a rage gudu ko a tsaya, don a san wanda ke biye, da kuma lokacin fita daga kafar a koma layi ko a yi kwana. A waɗannan gaɓoɓi ne baburan ke cin karo da juna.

Kuma madubi bai ɗauke wa mutum waiwaye gaba ɗaya ba. Akwai wani yanki a gefen kafaɗa da gilashi ba ya nunawa. Gilashin ma mai ɗan tudu ne, don ya kwaso fili mai yawa, shi ya sa abin da ke cikinsa kan yi kamar yana nesa alhali ya matso. Ƙwararrun masu koyar da tuƙi kan haɗa biyun: a fara da madubi, a ba da sigina, sannan a ɗan saci kallo ta kafaɗa kafin a karkata.

Yadda wasu ƙasashe suka yi da kurɗawa

Ƴan uwanmu mazauna Faransa sun san cewa kurɗawa tsakanin motoci tsohuwar ɗabi'a ce a can, musamman a manyan hanyoyin da suka kewaye birnin Paris. Hukumomi sun daɗe suna nazari kafin su amince da ita. Gwajin farko ya gudana daga 2016 zuwa farkon 2021, sakamakonsa kuma bai yi daɗi ba: cibiyar bincike ta Cerema ta gano haɗurran masu babur sun ƙaru da kashi 12 cikin 100 a hanyoyin da aka yi gwajin. Aka sake wani gwajin daga watan Agustan 2021 da sababbin sharuɗɗa, sannan a watan Janairun 2025 aka shigar da abin cikin dokar hanya.

Sharuɗɗan su ne abin dubawa. An yarda a kurɗa ne kawai a manyan hanyoyi masu shinge a tsakiya da aƙalla layi biyu a kowane hannu, kuma sai idan cunkoso ya cika layukan. Ana bi ne ta tsakanin layuka biyu na can hagu. Gudu kada ya wuce kilomita 50 a sa'a, idan kuma ɗaya daga cikin layukan a tsaye yake, kada ya wuce 30. An hana mai babur ya wuce wani mai babur a cikin kafar. Abin hawan kuma kada faɗinsa ya wuce mita ɗaya. Wanda ya saɓa, tarar Yuro 135 na jiransa, wato sefa dubu 88 da ɗoriya, tare da rage masa maki uku a lasisi. Babur mai madubi biyu yana shiga cikin wannan mita ɗaya har da rara. Masu dokar gudu suka sa wa ido, da kuma yadda babura ke bin juna.

A Amurka kuwa, jihar Kaliforniya ce ta fara amincewa da kurɗawa a dokance, da dokar da aka sa wa hannu a 2016 ta fara aiki a farkon 2017. Kafin nan, a 2015, masu bincike na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley sun duba bayanan masu babur 5,969 da suka yi haɗari, waɗanda 997 daga cikinsu suna kurɗawa ne lokacin da abin ya faru. Sun gano cewa masu kurɗawar ba su kai sauran samun rauni a kai ba, kashi 9 cikin 100 idan aka kwatanta da 17, haka ma mutuwa, kashi 1.2 idan aka kwatanta da 3. Amma sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen afka wa abin hawan da ke gabansu. Binciken ya kuma nuna cewa raunuka na ƙaruwa da zarar mai babur ya ɗara motocin da yake ratsawa gudu da fiye da mil 15 a sa'a, wato wajen kilomita 24.

Wannan bincike ba a kan madubi aka yi shi ba, kuma hanyoyin Kaliforniya ba irin namu ba ne. Masu kurɗawar da aka duba sun fi sauran sa hular kwano mai inganci, sannan ba su kai su shan barasa ba, abin da ya taimaka wa alƙaluman. Duk da haka darasinsa ya shafe mu. Abin da ke raunata mai kurɗawa shi ne bambancin gudu tsakaninsa da motoci. Kuma babban abin da cire madubi ke saya wa mutum shi ne ƙarfin halin shiga ƙaramar kafa da gudu.

A nan gida akwai ƙarin matsala. Yawancin titunanmu babu zanen layi, ko kuma rairayi ya binne shi. Babur na wucewa ta dama, ta hagu, har ta bakin kwata. Ga adaidaita sahu, ga amalanken jaki, ga masu tura kura, ga dabbobi. A Wagadugu an ware wa masu taya biyu hanyarsu a gefen manyan tituna da dama, abin da ke rage cuɗanya da motoci. Inda babu irin wannan tsari, abin da zai zo maka daga baya ya fi yawa, buƙatar ganinsa ma ta fi yawa.

Madubin da yake nan kamar babu

Ɗaura madubi daban, amfani da shi daban. Da yawa na yawo da madubin da ba ya nuna komai sai sararin sama ko gwiwar hannun mai shi. Wasu sun mayar da shi na gyaran hula. Saitinsa kuwa ba ya ɗaukar minti biyu. Mutum ya hau babur ya zauna yadda yake zama idan yana tuƙi, ya juya gilashin har sai ɗan gefen kafaɗarsa ko hannunsa kawai ke fitowa a ɓangaren ciki, sauran gilashin kuma na nuna hanya ta baya da ta gefe. Idan aka ɗauki fasinja mai nauyi ko kaya, bayan babur na sauka, don haka saitin na canzawa, sai a sake dubawa. Babbar riga da hijabi da iska ke kaɗawa su ma suna rufe gilashi, a tattare su, wanda hakan ma kariya ce daga shiga cikin taya.

Lokacin hunturu ƙura na lulluɓe gilashi cikin yini guda, ɗan ƙyalle a aljihu ya wadatar. Idan madubi na rawa har ba a gane abin da ke ciki, galibi ɗaurinsa ne ya saki, ko kuma ƙarfen ya cika siriri.

Ga wanda faɗi ke damunsa da gaske, akwai mafita da ba ta kai ga kwancewa ba. Ana samun madubai masu gajeren ƙarfe da ba sa wuce ƙarshen hannun babur. Akwai masu gaɓa, da ake naɗewa idan an zo matsatsi a tsaye, a buɗe da an fita. Masu ƙera babura ma sun san madubi zai riƙa bugun abubuwa. Kamfanin Yamaha ya daɗe yana yin madubin dama da ɗauri irin na hagu, akasin yadda aka saba, ta yadda idan ya daki wani abu daga gaba zai kwance ne ya juya baya maimakon ya ƙara ɗaurewa ya karye. Mai irin wannan babur ya sani, domin masu gyara da dama sun lalata ramin suna murɗawa ta inda ba nan ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne ƙananan madubai na ado masu kamar cokali, waɗanda suna kawai suka tara.

Madubin da ke jikin motar wani

Akwai wani madubi da mai kurɗawa ke dogara da shi ko da bai sani ba, wato na direban da yake ratsawa. Idan ka duba madubin gefen mota ka hangi fuskar direba, shi ma zai iya ganinka. Idan ba ka gan shi ba, ka ɗauka bai san da kai ba. A wurin manyan motoci wannan magana ce ta rai da mutuwa. Tirelolin da ke shiga Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa, da masu bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta Doso da Ƙonni har Damagaram, suna da wurare masu faɗi da direba ba ya gani, musamman ta damansa da daf da gabansa. Idan tirela za ta yi kwana, takan fara buɗewa, sai a ga kamar fili ya samu, amma tayoyin baya na yanko kwanar ta ciki su rufe filin. Wannan kafa ba ta shiga ba ce, da madubi ko babu.

Su ma direbobin motoci suna da nasu alhakin. Taksi nawa ke yawo da madubi fasasshe ko naɗaɗɗe? Fasinja nawa ke buɗe ƙofa ba tare da ya duba ba? Faɗakarwar hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da ta jami'an tsaro ta fi karkata ga hular kwano da gudu da waya, kuma sun cancanci haka, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa hula yadda ya dace na iya rage hatsarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Amma hula na aiki ne bayan an faɗi. Madubi na cikin abubuwan da ke hana faɗuwar, ya kamata shi ma ya sami gurbi a faɗakarwa, haka ma a dokokin da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu ke gindaya wa membobinsu a tasha.

To, taimako ne ko cikas?

Amsar ta danganta da abin da mutum ke nema. Wanda burinsa ya shiga kowace kafa ba tare da ya sassauta ba, madubi zai dame shi, zai kuma jawo masa ƴar rigima jefi-jefi. Wanda ke son ya kurɗa yau, ya kurɗa gobe, ya kuma kai fasinja da gwiwoyinsa lafiya, madubi na yi masa aiki biyu: yana gwada masa faɗin hanya ta gaba, yana nuna masa ɗan uwansa da ke tahowa ta baya. Ƴan sakan ɗin da yake ci ba su kai yini guda a gadon asibiti ba, balle watannin da ake yi ana jinyar karaya, babur a jingine, iyali na jira.

Da yawa daga cikin baburan da ke titunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuɗin ƴan ci-rani ne ya saye su. Wani na Legas, wani na Abijan, wani na Aljeriya ko Turai, ya tara gumi ya aiko don ƙane ya sami abin yi. Idan an kira gida ana tambayar lafiyar inji da yadda ciniki ke tafiya. A kira na gaba, yana da kyau a ce wa yaron ya ɗauko hoton babur ɗin ta gaba ya turo ta WhatsApp. Idan an ga ramuka biyu a inda madubai suke, a tambaye shi ina ya ajiye su. Galibi suna nan a ɗaki, cikin kwalin da babur ɗin ya zo da shi.